Bushiya a Gaban Alƙalai

Masu iya magana kan ce, abin da ya koro ɓera har ya faɗa wuta, to ya fi wutar zafi. Idan mai karatu ya ji labarin wasu samari huɗu, baligai masu hankali, ɗaliban jami'a da ke shekararsu ta ƙarshe, sun shafe mako biyu suna cacar baki har biyu daga cikinsu suka daina gaisawa, alhali ba a kan kuɗi ba, ba a kan budurwa ba, sai a kan makin da wasu baƙin da ba su taɓa gani ba suka ba wani wasan bidiyo na bushiya shuɗiya, ba mamaki ya ce aikin yi suka rasa. Ba za mu yi masa musu ba, domin mu ne samarin. Abin da kawai muke roƙo shi ne ya ba mu aron hankalinsa na ɗan lokaci, ya ji abin da ya koro ɓeran. Ba kuma za mu faɗi wane ne daga cikinmu yake riƙe da alƙalamin nan ba, tun da laifin namu ne mu duka.

Abin ya faru ne a watan Nuwamba na shekarar 2022. Ba mu daɗe da komowa makaranta ba, bayan yajin aikin malaman jami'o'i wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Muka dawo muka tarar karatu ya taru ya yi tsiri, jarrabawa na ƙofa, kowa na lissafin makin da yake nema kafin ya fita da digirin da zai iya nunawa a gida. Ɗaki ɗaya muke kwana mu huɗu. Akwai babbanmu da muke kira Yaya, akwai ƙaraminmu da muke kira Auta, akwai mai karanta ilmin ƙididdiga, sai kuma na huɗu wanda ba ya son yawan magana. Unguwa ɗaya muka tashi, irin unguwannin Hausawa na biranen kudu da ake kira Sabo, inda yaro kan buɗe baki da Hausa a cikin gida, ya fita waje ya yi ciniki da Yarbanci. A ranar 8 ga watan nan ne kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar da sabon wasa mai suna Sonic Frontiers, masu sharhi kuma suka yi ta yanka masa maki. Auta ne ya shigo ɗaki da waya a hannu, fuska a murtuke, ya ce wai IGN, ɗaya daga cikin manyan kafofin sharhin wasanni, bakwai cikin goma ta ba shi.

Kafin a gane dalilin murtukewar nan, sai an koma baya zuwa wani ɗan shago a bakin layinmu, wanda muke kira gidan gem. A lokacin da muka yi wayo, manyan yara sun riga sun koma kan PlayStation suna buga ƙwallo, su ne masu kujera da babbar talabijin. Can a kusurwa, kusa da ƙofa, aka jingine wata tsohuwar Sega Mega Drive baƙa 'yar tokumbo, da ƙaramar talabijin mai ƙusumbi, domin irinmu masu ƙananan kuɗi. Kaset biyu ne kawai ke aiki a cikinta ba tare da an hura masa iska ba, kuma dukansu na Sonic ne. Ba mu san cewa tun a 1991 aka yi na farkon ba, wato ya girme mu. Ba mu taɓa jin sunan Yuji Naka da ya tsara injin wasan ba, ko Naoto Ohshima da ya zana halittar, ko Hirokazu Yasuhara da ya shimfiɗa hanyoyin. Ba mu kuma san cewa Sega ta ƙirƙiro shi ne domin ta kara da Mario na kamfanin Nintendo ba. Abin da muka sani shi ne, ga wata bushiya mai jan takalmi (a bakin Bahaushe bushiya mace ce, amma Sonic namiji ne, don haka da “shi” za mu riƙa kiransa), kuma bushiyar da muka sani a bola ba ta da sauri, wannan kuwa iska ma ba ta kamo shi.

Wasan na tsalle-tsalle ne, daga hagu zuwa dama. Ka ruga, ka tsallake rami, ka dunƙule kamar ƙwallo ka fasa mutum-mutumin da mugun likitan nan Robotnik ya kulle 'yan dabbobi a ciki, kana tafe kana tsintar zobba na zinariya. Hikimar duk tana cikin zobban. Muddin kana da ko da guda ɗaya, idan ƙaya ta soke ka ba za ka mutu ba, sai dai zobban su watse ka bi su da gudu kana tsinta. Idan ka tara ɗari, ka sami ƙarin rai. Zangon farko, Green Hill, mai shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa da ƙasa mai zane kamar tabarmar kaba, mun haddace shi fiye da yadda muka haddace hanyar makarantar allo. Na huɗu kuwa, Labyrinth, wanda ake yi a ƙarƙashin ruwa, nan ne maƙabartar kuɗinmu. Idan numfashin Sonic ya kusa ƙarewa sai lambobi su fito suna ƙirga baya, wani kiɗa mai tayar da hankali ya kama, kai kuma kana lalube kana neman kumfar iska. Har yau akwai wanda cikinmu idan ya ji kiɗan nan tafin hannunsa kan jiƙe. Wasan ba ya ajiye inda ka tsaya. Idan aka ɗauke wuta kana dab da bos na ƙarshe, to sai gobe, daga farko.

Kaset na biyu, wanda aka yi a 1992, shi ne ya zo da Tails, 'yar yanyawar nan mai jela biyu da ke bin Sonic a baya. Ana iya ba wa mutum na biyu hannun wasa ya riƙa juya ta, amma talabijin Sonic take bi. Idan Tails ta faɗa rami ko aka bar ta a baya, ba a yi asarar komai ba, jim kaɗan za ta sauko daga sama tana kaɗa jela. Saboda haka ita ake ba ƙanne, don su yi shiru. Shekara da shekaru Yaya ne Sonic, Auta ne Tails. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, tun kafin mu zauna a kusurwar nan, can a ƙasashensu duniyar Sonic ta riga ta juya. Wasanni sun bar shimfiɗar hagu da dama sun shiga fili mai gaba da baya da zurfi. Mario ya ƙetare wannan kogin lafiya a 1996 da Super Mario 64. Sonic ya biyo baya da Sonic Adventure a 1998, aka yaba, amma an fara ganin alamar cewa abin da ke gudu haka yana da wuyar riƙewa a buɗaɗɗen fili. A 2001 Sega ta daina ƙera na'urar wasa baki ɗaya, ta koma yi wa na'urorin abokan hamayyarta wasanni. Daga nan sai tuntuɓe. Wasan da aka fitar a 2006, aka kuma sa masa sunan na asali don a nuna an sake haihuwa, ya fito a gaggauce cike da kurakurai, ya tashi da maki 46 cikin ɗari. Sonic Boom: Rise of Lyric na 2014 ya faɗi ƙasa da haka, 32. Har ta kai a 2010 kamfanin da kansa ya janye wasu wasannin Sonic masu ƙarancin maki daga kantuna, don kada su ci gaba da zubar wa sunan mutunci. Abin da ya fi ban kunya ya zo a 2017. Wasu masoya wasan, ƙarƙashin wani ɗan Ostireliya mai suna Christian Whitehead, suka yi Sonic Mania da izinin Sega, irin na da sak, daga hagu zuwa dama, ya sami 86. Bayan 'yan watanni ainihin masu gidan suka fitar da nasu na zamani, Sonic Forces, bai ko kai 60 ba. Baƙi sun fi masu gida iya tuwon gidan.

Duk wanda ya so Sonic ya san waɗannan lambobi kamar yadda mai tabo ya san inda tabonsa yake. Galibinsu daga wuri guda suke fitowa, wato Metacritic, wata ma'ajiya ta intanet da aka kafa a 2001. Aikinta shi ne ta tattaro sharhin jaridu da mujallu, ta mayar da hukuncin kowa zuwa kashi ɗari, ko da taurari ya yi amfani ko da haruffa, sannan ta fitar da matsakaici. Ba ta ɗaukar kowace jarida da nauyi ɗaya, ba ta kuma bayyana wa jama'a wadda ta fi wata nauyi. A ƙarshe sai ta shafa wa lambar launi. A wasanni, daga 75 zuwa sama kore ne, daga 50 zuwa 74 ruwan ɗorawa, ƙasa da haka ja. Abin mamaki, a fina-finai 61 ma ya isa a sami kore. Kuma kada a ɗauka wasan yara ne. Sanannen abu ne cewa kamfanin Obsidian, wanda ya yi Fallout: New Vegas a 2010, ya rasa ladan ƙari da aka yi masa alkawari idan wasan ya kai 85, saboda ya tsaya a 84. Maki ɗaya tak, mutane suka kwana ba ladan guminsu.

Sonic Frontiers ya tsaya a saba'in da 'yan kai, wato a bakin iyakar kore da ruwan ɗorawa, inda ya fi ko'ina daɗin jayayya. Masu sharhin kansu ba su haɗu ba: wasu sun yaba ƙwarai, wata jarida kuwa tauraro ɗaya cikin biyar ta ba shi. Makin da 'yan wasa suka ba shi da kansu ya ɗara na masu sharhi. Daɗin daɗawa, washegarin fitowarsa aka saki God of War Ragnarök, wanda ya tashi da 94, sai ya zama kamar an jera ɗan talaka da ɗan sarki ranar hawan salla.

Auta ya ce zalunci ne tsagwaronsa. A ganinsa masu sharhi sun riga sun yanke wa Sonic hukunci tun 2006, duk abin da ya kawo sai sun zaftare masa maki biyu kafin su kunna. Ya ce ga shi a karon farko cikin shekaru masu yawa masu gidan sun yi ƙarfin hali, sun saki bushiya a tsibirai masu faɗi ta ruga inda ta ga dama, maimakon a ce musu sannu sai aka ba su sadakar bakwai. Yaya kuwa cewa ya yi bakwan ma alfarma aka yi. A wurinsa Sonic hanya ce da aka shimfiɗa da lissafi, ta sama ga gwani, ta ƙasa ga ɗan koyo, kuma gudu lada ne da ake samu bayan an haddace hanya. Ranar da aka cire hanyar aka bar fili, an cire Sonic, saura takalmin. Ya ce kwaikwayon The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 suka yi, kuma wanda ya ari riga ba ya cika baki da ado.

Wajibi ne mu faɗi wata gaskiya a nan, ko da za ta zubar mana da girma. A duk tsawon makon farko na wannan jayayya, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa wasan da hannunsa. Dala sittin ake sayar da shi, mu kuwa a lokacin garin kwaki ma da awo muke jiƙa shi. Abin da muka gani bai wuce guntayen bidiyo a waya ba, su ma sai da dare idan data ta yi araha. Da haka muka riƙa kafa hujja, muna kiran sunayen jaridun Amurka da Ingila kamar ƙannen iyayenmu ne.

Mai ƙididdiga ne ya kawo maganar da ta kamata ta kashe wutar, amma sai ta zama fetur. Wani dare yana kwance yana duban silin, ya ce shi fa abin da ya kasa ganewa shi ne, yaushe saba'in ta zama zagi? A nan jami'ar, da ma yawancin jami'o'in ƙasar nan, wanda ya ci 70 ya sami A. Akwai malaman da ɗalibi zai shekara huɗu a gabansu bai ga sun rubuta lambar nan ba. Mutum ya sami 65 sai ya kira gida a yi masa barka. Amma ga mu nan, mu da muke addu'ar 60, muna jin an ci mutuncin wasa don an ba shi 70. Ya ce a makarantun Amurka da yawa, sai ka kai 90 ake ba ka A, 70 kuwa C ce, ƙasa da 60 faɗuwa. A nasa hasashen, da wannan mudun masu sharhin can suke awo, shi ya sa rabin ma'auninsu na ƙasa kusan kango ne, ba a shiga sai da gawa. Wato mun ari mudun wasu, mun ari fushinsu, ba mu ko tambayi nawa mudun ke ci ba.

Ya ƙara da wani abin da ya fi wannan. Ya ce matsakaici maƙaryaci ne mai ladabi. Idan mutum goma suka ba abu bakwai-bakwai, matsakaici bakwai ne. Idan biyar suka ba shi goma, biyar suka ba shi huɗu, nan ma bakwai ne. Na farko abu ne da bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma burge kowa ba. Na biyu abu ne da ya raba gari biyu. Lambar ba za ta gaya maka wanne ke gabanka ba. Ya faɗi wannan da wata irin murya da ta sa muka dube shi, domin mun san inda ke masa ƙaiƙayi. Jimillar makinsa ta tsaya 'yan ɗigo kaɗan ƙasa da 4.50 da ake bukata don digiri mai daraja ta ɗaya, saboda wani zangon karatu guda a shekararsa ta biyu, lokacin da mahaifinsa ya kwanta jinya ya riƙa zirga-zirga tsakanin asibiti da aji. Zango bakwai na ƙwazo da ɗaya na jinya, an zuba su a tukunya ɗaya an dama.

Da mun yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Amma Auta ya ɗauka an ba shi gaskiya, ya ce, “Ka ji ko, Yaya? A ce ma A ya ci.” Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, “Kai Auta, me ka sani game da Sonic? Kai da ka girma kana riƙe da hannu na biyu? Ko sau ɗaya talabijin ba ta taɓa bin ka ba.” Ɗakin ya yi tsit. Auta ya tashi zaune, ya ce, “Haka ne, Yaya. Amma mai raina saba'in, ya kamata a ce ya taɓa cin ta.” Duk mun san Yaya na ɗauke da darussa biyu da ya faɗi yake maimaitawa, mun kuma san bai gaya wa gida ba.

Kwana shida ba su yi wa juna magana ba. A ɗakin da bai fi taku biyar ba, wannan aiki ne ja. Ɗaya ya idar da salla ya naɗe darduma ya ajiye, ɗayan ya ɗauka ba tare da sun haɗa ido ba. Tukunyar da muke haɗa kuɗi mu dafa ta rabu biyu. Mu biyun da muka rage muka zama 'yan aike, “ka ce masa ya kashe fitila,” “ka ce masa ana kiransa a waje.” Abin dariya ne yanzu. A lokacin kuwa mun ji tsoro, domin abota ce ta kusan shekara ashirin, kuma mun ga irinta ta mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Marar maganar cikinmu ne ya yi dabara. Yana da wani ɗan'uwa mai shagon gyaran waya a cikin gari, wanda ke da PlayStation 4 ya kuma sayi wasan. Ya roƙo mana aron na'urar daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, ya kawo ya ajiye a tsakar ɗaki, ya ce, “Ga wanda ake tuhuma nan. Alƙalai su zauna.”

Abin da muka gani bai yi kama da abin da kowannenmu ya yi ta rantsuwa a kai ba. Tsibirin farko, Kronos, fili ne kore mai duwatsu da kangayen gine-gine, ga yayyafi, ga wani kiɗan piyano mai sanyi kamar na zaman makoki. Sonic da muka sani da launuka masu ihu, ga shi tsaye shi kaɗai kamar baƙon da mota ta sauke a garin da bai san kowa ba. Ƙarafunan da ake zamewa a kansu suna rataye a sararin sama ba abin da ya riƙe su, kuma sau da yawa ba ka ganinsu sai ka zo dab da su su ɓullo kamar aljanu. Wannan aibi ne na gaske, masu sharhi ba ƙarya suka yi ba, Auta ma da ya gani ya sunkuyar da kai. Akwai kuma 'yan wasannin cike gurbi da ba su da dalili, har da zaman kamun kifi da fatsa tare da wani ƙaton kyanwa. Amma fa idan ka danna gudu, ka hau ƙarfe ɗaya ya jefa ka kan wani, sifirin ya cilla ka sama, ka sauko kan tudu ba ka tsaya ba, ka hango wani abu can nesa ka ce bari in je, kafin ka rufe baki ka isa, akwai wani daɗi a nan da ba mu taɓa ji a wasan Sonic ba. Da aka kai ga faɗa da ƙaton dodon ƙarshen tsibirin, Sonic ya rikiɗe ya zama ruwan zinariya yana shawagi, kiɗa ya ɓarke, sai da maƙwabta suka buga mana bango.

Yaya ya daɗe bai karɓi hannun wasan ba. Da ya karɓa, sai ya yi tsaye a tsakiyar fili yana jujjuyawa. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “To ina ake zuwa?” Auta ya ce, “Duk inda ka so, Yaya.” Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu cikin kwana shida. Mutumin da ya haddace kowace ƙaya ta Green Hill, ga shi an ba shi duniya ya rasa gabas. Auta kuwa, wanda ya yi yarintarsa yana bin bayan wani, talabijin na barinsa a baya, shi ne ya fi kowa sakewa a filin nan, kai ka ce don shi aka yi. A nan ne muka fara zargin cewa tun farko ba wasan suke yi wa maki ba. Yaya na kare kusurwar da ya taɓa zama sarki a cikinta, a shekarar da komai ke kuɓuce masa. Auta kuwa so yake a yarda cewa sabon abu na iya yin kyau, ko da wanda ya riga shi haihuwa bai sa albarka ba. Tambayoyi biyu ne daban: shin an ƙera abin da kyau, da kuma shin har yanzu shi ne abin da muka so? Masu sharhi ta farko suke ƙoƙarin amsawa. Mu ta biyu muka kai musu, muka kuma ji haushi da lamba ɗaya ta kasa ɗaukar duka biyun.

A cikin wasan akwai wasu ƙofofi da ke kai mutum gajerun zanguna masu hanya ɗaya irin ta da, wasunsu ma da kayan Green Hill aka yi musu ado. Yaya ya shiga ɗaya, ya fito yana tsaki, ya ce jabu ne, Sonic ɗin ba shi da nauyi. Don ya nuna mana na gaske, ya sa aka buɗe wasan 1991 a wayar Auta, wanda Sega ta sake fitarwa don wayoyi. Kiɗan Green Hill na tashi sai ya ɗaure fuska. Ya ce wannan ma sun taɓa shi, sun ƙara masa sauri, ba haka yake ba. Mu ma duk mun ji hakan, kiɗan kamar ana korarsa.

Mai ƙididdiga ya yi 'yan bincike-bincikensa, can sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe ba a ƙara komai ba. Talabijin ɗin Japan da Amurka na wancan zamani suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai kuwa, da irin wanda muke amfani da shi a nan, sau 50. Wasan Sonic na farko ba a daidaita shi da wannan bambanci ba, saboda haka a na'urorin Turai komai nasa, gudu da kiɗa, yana tafiya ƙasa da yadda aka tsara da kashi ɗaya cikin shida. Tsohuwar Segar kusurwarmu kuwa daga Turai aka yo gwanjonta. Wato bushiyar da muka yi shekaru muna rantsuwa da saurinta, wadda Yaya ya mayar ma'aunin da yake auna kowace sabuwa, ba mu taɓa ganin ainihin gudunta ba sai a daren nan. Yaya ya karɓi wayar ya sake saurara. Ya ce, “Namu ya fi daɗi.” Babu wanda ya musa masa, don mu ma haka muka ji.

Daren Lahadi, kafin a mayar da na'urar, marar magana ya yayyaga takarda huɗu ya ce kowa ya rubuta makinsa a ɓoye. Aka buɗe. Auta ya sauko zuwa takwas. Yaya ya hau zuwa shida, ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashi don kada a ce ya tuba. Marar magana ya ba da bakwai. Mai ƙididdiga ya mayar da tasa fara fat, ya ce shi ya gaji da wannan sana'a. Muka matsa masa ya fitar mana da matsakaicin ukun, ya ƙi. Ba sai ya fitar ba, kowa ya iya wannan lissafin.

Wasan ya ci gaba da rayuwarsa ba tare da izininmu ba. Kafin tsakiyar 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan uku, masu shi kuma suka yi ta ƙara masa gyare-gyare kyauta har zuwa watan Satumba na shekarar. Mu ma aka kafe namu sakamakon a allon sanarwa. Mai ƙididdiga ya fita da daraja ta biyu babba, ɗigon nan bai cike ba. Yaya ya haye darussansa biyu, ɗaya da 51, ya kuma yi ta murna da ita kamar an ba shi sarauta. Auta ne ya raka shi duba allon.

A watan Oktoba na 2023, mun riga mun watse kowa ya kama gabansa, Sega ta fitar da Sonic Superstars, wanda ya koma tsohon salon hagu da dama, irin wanda Yaya ya yi ta kuka a dawo da shi. Bayan kwana uku Nintendo ta saki Super Mario Bros. Wonder. Na Mario ya haura casa'in, na Sonic ya sake tsayawa a saba'in da 'yan kai. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wayar Auta ta yi ƙara. Ko sallama Yaya bai gama ba ya ce, “Auta, ka ga zaluncin da mutanen nan suka yi mana?” Auta ya ce, “Ka buga shi ne, Yaya?” Ya ce, “Ban buga ba tukuna. Amma tsaya ka ji.”